Kanwar da na jiƙa wa kajin maigidana

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Don Allah a sakaya sunana, kuma a yi min afuwa da zagi, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ina aure a Masanawa ta Kabo. Maigidana yana kiwon kajin buroila a ɗakin kwano bayan gida, ni ke ba su ruwa in ya fita. Bazarar bana zafi ya matsa musu, sai ka ga sun saki fukafukai, baki buɗe, suna ta haki. Ya je Gwarzo shagon yayana mai sayar da abincin kaji, ya dawo da wani farin gari, wai a riƙa zuba kan cokali a bokitin ruwansu. Na ce, "Baban Amira, me yake yi musu?" Ya ce, "Gishirin jikinsu da zafi ke cinyewa yake mayarwa. Ke dai zuba, ba aji muke ba."

Kan cokali a wannan zafin? Na ɗauka tsimi ne kawai irin na maza. A gidanmu in bazara ta yi, Inna kanwa take jiƙa wa awaki su sha su warware. Na lasa garin, na ji shi kamar kanwa, na ce ashe abin gida ne aka ƙulla a leda. Na jiƙa jar kanwa da kauri ina ƙara musu, har da barbaɗen gishirin miya, ina yi ina bismilla. Wallahi tausayi ne. Suka yi ta shan ruwa ba ƙoshi, zawo ya ɓarke, buntun shinkafar da ke ƙasansu ya jiƙe sharkaf, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsu. Fiye da rabi muka binne.

Maigida bai tambaye ni komai ba, ya yanke hukunci: Yaya ya sayar masa da jabu. Ya faɗa a majalisa, ya faɗa a kasuwa, har masu kiwo na garin Madadi sun daina shiga shagon. Yaya ya zo da kansa, ya duba ɗakin kajin, ya dube ni a gaban maigida ya ce, "Auta, yadda na gaya wa mijinki aka zuba?" Na ce, "Eh, Yaya." Ya ce, "To, Allah ya sani." Ya hau babur ɗinsa ko ruwa bai sha ba. Wace irin ƙanwa ce ni?

Abin da ya fi ƙona min rai, shekaranjiya na daure na ce, "Baban Amira, ni ce na ƙara musu kanwa." Sai ya yi dariya. "Ɗan'uwanki kike son wankewa? Ke da ko ƙuda ba kya iya kashewa." Ya saka takalmi ya fice. Ƙaryata ya karɓa nan take, gaskiyata kuma ta zama abin dariya.

Yanzu ya hana ni taka gidan Yaya, Inna kuma kullum sai ta kira tana cewa in roƙi mijina ya bar ɓata mata ɗa. In na dafa Alƙur'ani zai yarda, na sani. Amma daga nan sai ya koma majalisar nan ya ce matarsa ce, bayan ya gama kiran surukinsa macuci, kuma ban san da wane ido zai ƙara kallona ba. In na yi shiru, shagon Yaya ne ke mutuwa, ni kuma ina tsayawa sallah da haƙƙinsa a wuyana.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?