Tambayar da Na Yi wa Mai Ciki

Talata, bayan isha'i.

Yau muka yi intabiyun ɗaukar nas a ƙaramin asibitinmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Wata mai ciki ta shigo, sai bakina ya suɓuce: "Maigidanki zai bar ki aikin dare kuwa?" Ta sunkuyar da kai.

Hajiya, shugabar nas-nas ɗinmu, ta ajiye biro. "Malam, maza uku suka zauna nan, ba wanda ka tambaya zancen gidansa. 'Yata, yaya za ki samo jijiyar yaron da gudawa ta zuƙe?"

Ta ɗago, ta zuba bayani tiryan-tiryan. Ita muka ɗauka.

Har yanzu kunya nake ji. Wallahi da ƙanwata ce a kujerar nan, gara ta tarar da Hajiya, ba ni ba.