Ruwan da Na Haɗa a Bokitin Wankina

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwar 'yan biyu da yaran gaba ɗaya. Allah Ya ƙara muku rufin asiri, Ya sanya albarka a neman da ya kai ka nesa da mu, Ya kuma jiƙan mahaifinku. Mu nan lafiya lau muke. Gwiwar tawa tana nan da halinta, amma har yanzu ni nake ɗebo ruwana, ni nake share tsakar gidana, kuma da yayarka ta sake tayar da maganar in koma wajenta da zama, na ba ta amsar da na saba ba ta. Baffanku ya samu sauƙi, har ya fara fita masallaci da sanda. Lambuna na bayan gida ya yi kyau bana fiye da kowace shekara, sai dai yanzu ba na jin daɗin kallonsa, kuma za ka gane dalili kafin ka kai ƙarshen takardar nan.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali kusan kullum muna magana ta waya. Na zaɓi rubutu ne domin na san halinka: da na fara bayani za ka katse ni ka ce ba komai, Mama, ya wuce. To, akwai komai, kuma bai wuce ba. Ina so ka zauna ka karanta har ƙarshe, kamar yadda nake sa ɗalibai su karanta tambaya sau biyu kafin su ɗauki biro. Maganar babbar motarka ce da ake ajiyewa a filin gidana, da kuma Dogo, direban da ka sallama kwana goma sha tara da suka wuce, bisa zargin ya sayar da ruwan ƙaramin tankin nan mai shuɗin murfi, ya zuba na banza a madadinsa. Dogo bai sayar da komai ba. Ruwan da ya lalata maka mota ni na haɗa shi, da hannuna, a bokitin wankina.

Ga yadda abin ya faru. Ranar wata Talata da hantsi Dogo ya shigo gaishe ni, na ga fuskarsa ba walwala. Ya ce manoma sun riga sun cika kwandunan tumatir, gobe ne lodi, ga ruwan tankin ya kusa ƙarewa, shagon da yake saye kuma sun ce sai bayan kwana huɗu kaya za su iso. Ya yi mini bayanin cewa irin waɗannan sababbin motoci man dizal kaɗai bai ishe su ba. Akwai na'urar da ke fesa wannan ruwa cikin bututun hayaƙi, ya kashe dafin hayaƙin kafin ya fita mutane su shaƙa, kuma idan ruwan ya ƙare, motar da kanta take rage ƙarfinta. Na ce ya kawo mini tsohuwar jarkar da ruwan yake zuwa a ciki. Na sa tabarau na karanta: yuriya kashi talatin da biyu da rabi cikin ɗari, sauran tataccen ruwa. Auta, dariya na yi. Shekara talatin da huɗu ina koyar da ilimin sinadarai, sai ga shi an zuba darasin 'yan aji uku a jarka an tsayar da mota saboda shi. Har na tsaya na yi wa bawan Allah nan lacca a kan yadda zafi ke mayar da yuriya amoniya, ita kuma ta haɗu da muguwar iskar ta mayar da ita iska mara lahani da tururi. Sannan na tuna da buhun takin yuriya na lambuna da ke jingine a sito.

Ina so ka san cewa Dogo bai yarda da farko ba. Ya durƙusa, ya ce in yi haƙuri, bakanike ya gargaɗe shi kada ya taɓa zuba abin da ba shi ya fasa murfinsa da hannunsa ba, kuma gara ya je ya ba manoman haƙuri. Ni kuwa na ce masa ina rubuta wannan lissafi a allo tun bai san hannun damansa ba. Na kuma tambaye shi ko bakaniken da yake nufi shi ne Sifana, yaron da na taɓa ba maki goma sha ɗaya cikin ɗari, wai yau shi ne zai koya mini sinadarai. Dogo ya miƙa wuya. Mutumin da ya tuƙa mahaifinku shekara goma sha shida, wanda bai taɓa ɗaga murya a gidan nan ba, da wane baki zai ja da ni? Na san haka sarai, kuma da wannan sanin na yi amfani.

Na fito da sikelin da aka ba ni kyauta ranar da na yi ritaya. Na tafasa ruwan rijiya, na bar shi ya huce, na tace shi sau biyu da farin ƙyalle. Da na zuba takin ina motsawa, bokitin ya ɗauki sanyi har ya yi raɓa a jikinsa, daidai yadda yake yi a ɗakin gwaje-gwaje, sai na kira Dogo ya taɓa kamar ɗalibi. Ba zan ɓoye maka ba, rabon da in ji daɗi irin na wannan rana tun ina aji. Na cika jarka uku, kuma da yake ban taɓa barin kwalba ba lakabi a rayuwata ba, na manna wa kowacce takarda, na rubuta sunan abin da ma'auninsa da kwanan wata da jan biro, na ja layi biyu a ƙasa.

Sauran labarin ka sani, amma ba daga inda nake zaune ka san shi ba. A rana ta biyu fitilar gargaɗi ta kama, motar ta yi ta rage gudu har masu keke suna wuce ta, daga ƙarshe Dogo ya ajiye ta a gefen hanya. Kwana biyu yana gadin tumatir yana ruɓewa, ruwansa yana ɗiga ta ƙarƙashin bodi, kafin janwe ya zo ya ja motar. Ranar da ka kira shi bayan la'asar, a falona yake, ya buɗe muryar wayar, ni kuma ina kan kujerata da carbi a hannu, taku biyu tsakaninmu. Sau uku ka tambaye shi wa ya zuba ruwan, sau uku ya ce shi ya zuba. Bai yi ƙarya ba, hannunsa ne ya riƙe mazurarin. Ka kira shi da sunan da ba zan maimaita a takarda ba, ka ce ya ajiye mukulli. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya tashi ya rataye mukullin a ƙusar bayan ƙofa, inda mahaifinku yake rataye hularsa, ya yi mini sai anjima kamar kullum, ya fita. Bakina a rufe, carbina yana tafiya.

Kwanakin da suka biyo baya na cika su da kare kaina a gaban kaina. Na ce motar ce mai tsirfa. Na ce masu ƙera ta ne suka tsara ta don kada kowa ya iya komai sai su. Na sake lissafin sau uku a bayan ambulan, kowane karo yana fita daidai, sai na riƙe wannan daidai ɗin kamar shi ne zai wanke ni.

Shekaranjiya Sifana ya yi sallama, ɗauke da buhu. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, na nuna masa kujera ya ƙi zama, ga furfura a gemunsa amma ya tsaya hannu a baya kamar na kira shi ofis. Ya fito da jarkata daga buhun, da rubutuna a jiki, ya ce a bayan kujerar direba ya same ta, ya ɓoye kafin kowa ya gani. Sannan ya warware wata jarida ya nuna mini bakin na'urar feshin, ya toshe da wani farin abu mai tauri kamar dutse. Na ce ya faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana. Ya ce takin gona akwai abin da ake lulluɓe ƙwayoyinsa da shi don kada ya dunƙule, na mota kuwa ba a sa masa. Ya ce ruwan rijiya ko an tafasa, ko an tace sau goma, gishirin da ya narke a ciki yana nan. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ai ni na koya masa wannan, ranar da na ƙafar da ruwa a faranti na nuna wa aji farin abin da ya rage, na ce tacewa ba ta cire abin da ya narke. Ya ce darasin nan kaɗai ya riƙe a duk karatunsa, domin ranar na sa shi durƙuso kusa da teburina, shi ya fi kowa gani da kyau. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban manta darasin ba, Auta. Na san shi, kawai ban ga ya shafe ni ba.

Daga bakinsa na ji cewa Dogo ya roƙe shi don Allah kada ya faɗa maka. Daga bakinsa kuma na ji cewa a tasha babu mai ba Dogo mota yanzu, in ya wuce sai a riƙa tambayarsa ko akwai ruwa na sayarwa, har ya daina fita. Mutum biyu suna ta ɗawainiyar rufa wa tsohuwa asiri, ɗaya da aikinsa da sunansa, ita kuwa tana zaune tana duba lissafi.

Jiya da safe na ɗauki jarkar na tafi tashar da ƙafata. Na shiga rumfar direbobi, na ajiye ta a kan bencinsu, na juya rubutun ya fuskance su, na faɗa wa shugabansu da duk wanda ke wurin abin da na rubuta maka a nan, ban rage komai ba. Sai wani mai bakin tsiya ya tambaye ni maki nawa zan ba kaina. Na ce lissafi cikakke, hankali sifili. Suka yi dariya, ni ban yi ba. Manoman ma zan je in same su da kaina, ba na neman rakiya. Daga tasha na wuce gidan Dogo. Da ya ji inda na fito, hankalinsa ya tashi fiye da ranar da ka kore shi, yana ta tambayata me ya kai ni, ai da na bari. Na roƙe shi gafara a gaban matarsa, na miƙa masa mukullin. Ya ce ya yafe duniya da lahira, amma mukulli ba zai karɓa daga hannuna ba. Wanda ya ce ya ajiye, shi ne zai ce ya ɗauka. Na duba maganar ta kowace fuska ban sami inda zan sa mata jan biro ba.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ka san ban saba roƙo ba. Ka kira Dogo da bakinka, ba ta wajena ba, ba ta wajen yayarka ba. Ka gaya masa a fili cewa ka zarge shi da abin da bai yi ba, ka janye sunan da ka kira shi da shi, sannan ka roƙe shi ya dawo. Ka yanke masa hukunci cikin gaggawa, kana da tabbacin ka san komai, amma ba zan yi maka faɗa ba, domin na san wajen wadda ka sha wannan hali. Kada kuma ka kira ni don ka lallashe ni kafin ka kira shi; ba zan ɗauka ba.

Ka gaishe mini da uwar 'yan biyu, Allah Ya saka mata da alherin haƙurin da take yi da mu. Ka gaishe da takwarata, ka ce ta riƙa sauraron wanda ya fi ta sanin aikinsa ko da ta fi shi maki. Angona kuma ka ce masa amaryarsa ta yi abin kunya, in zai sake ta ya yi da wuri. Yayarka da Baffanku suna gaishe ku. Sifana ya ce motar za ta tashi cikin makon nan. Mukullin na mayar da shi ƙusarsa, ina ganinsa daga inda nake rubutun nan, kuma a nan zai kwana har sai ka yi waya.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka.