Cokali Ɗaya a Gahawar Baba

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya hana Baba madarar shanu. Auta ta haɗa masa gahawa da madarar waken suya, ta tsinke a kofi, guda-guda. Ya kurɓa ya ture. "Wannan ai ruwan wanki ne." Na yi dariya, har da riƙe ciki.

Alhamis, 6 ga Maris
Yau ni na haɗa. Cokali ɗaya na madarar gari na zuba a ɓoye, ɗaya tak. Ya shanye tas, ya ce, "Auta, je ki koya wurin Yayarki." Rabon da Baba ya yabe ni har na manta. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Cokali biyu.

Talata, 11 ga Maris
Tun safe Baba yake zirga-zirgar banɗaki. Da na kama shi zai zauna, hannunsa ba nauyi. Ya ce girkin Auta ne, ya hana ta shiga kicin. Ta zauna a bakin ƙofa tana kuka, wai "Yaya, me na sa a ciki?" Na ce mata ta yi haƙuri. Ni! Bakina bai ko yi rawa ba. Na kasa cin abinci, kunya ta cika min ciki.

Juma'a, 14 ga Maris
Gwangwanin madarar garin na ba maƙwabciya. Kwana uku ina ɓarnar gahawa. Abin da na gano: a ɗumama madarar waken tukuna, kada ta tafasa. A bar gahawa ta ɗan huce, sannan a zuba ta a kan madara a hankali. Haka ba ta tsinkewa. Kauri kuwa, ƙwayar kashu jiƙaƙƙiya, a markaɗa ta a ciki da ɗigon mai, a tace.
Baba ya ce bai kai na da ba. Ba zai kai ba, Baba.

Laraba, 19 ga Maris
Na shigo da Auta kicin yana barcin rana, na nuna mata komai. Ta haɗa, ta kai da kanta. Ina jin su daga inda nake wanke bilanda. "To, yau kam kin fi Yayarki."
Ta dawo tana ta washe baki. Na ce ta miƙo min matacin. Ban ji haushi ba, ko dai kaɗan. Cikinsa lafiya tun Juma'a.