Takabar da Kike Mantawa Kowace Safiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya ke yi wa uwa, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Binta. Na tsufa, Inna, har na girme ki nesa ba kusa ba, amma sai a makon jiya na ji wani bayani a kan ciwonki, kuma tun ranar nake ta juya shi a raina. Ina so in san ko na cuce ki.

Kin tuna bazarar da zazzaɓi ya kwantar da ke, 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki? Tambayar banza, ai ita ce ba za ki tuna ba. Kwana uku kina jijjiga kafin a samu motar da ta kai ki asibiti a Malumfashi. Kika dawo ras, kina daka, kina kaɗi, kina lissafo kakanninki har na bakwai. Sai dai baƙon da ya gaishe ki da hantsi, in ya dawo da azahar sai kin sake yi masa maraba da zuwa.

Malam ya ba da rubutu. Maƙwabciyarmu Bamagujiya ta rantse iska ce, a yi girka. Baba kuwa dariya yake yi, yana cewa shi ya ci riba, tunda duk faɗan da kuka yi ba ya kwana.

Da kaka Baba ya rasu, ciwon kwana biyu. Na baro gidan mijina a Funtua na dawo in zauna da ke. Ni na faɗa miki. Kika yi salati, kika zube a ƙofar ɗaki, kika yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba.

Washegari da asuba sai ga ki da tandun kwalli a hannu, kin ɗora ruwan kokonsa a wuta.

Gwaggo Delu, ƙanwar Baba, ta tsaya kai da fata. Ta ce takabar da mai ita ba ta san tana yi ba ai ba takaba ba ce, kuma ɗan'uwanta ba zai kwanta ba a yi masa haƙƙinsa ba. Ba mugunta ba ce, tsoron Allah ne irin nata. Aka ɗora mini aikin: kowace safiya in karɓe kwallin, in faɗa miki. Kowace safiya kuwa sai mutuwar ta zo miki sabuwa fil. Kafin rana ta take kin manta, ki shafa fuska ki ce, "Binta, me ya kumbura mini ido?"

Haka muka yi har sadakar arba'in. Ranar na ce na gama, Gwaggo ta yi ta faɗa, na toshe kunne. Duk lokacin da kika tambaye shi sai in ce ya kai auduga Funtua. Ki ce, "Allah ya sa a saya da daraja."

To, ga abin da na ji. Jikata Hadiza, wadda ke karatun likita a Zariya, ta ce a can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saitin kunnuwa, akwai wasu 'yan gaɓoɓi biyu lanƙwasassu, dama da hagu, ana ce musu hifokamfas. Na sa ta maimaita sau uku kafin harshena ya ɗauka. Wai aikinsu shi ne kwasar abin da mutum ya gani ko ya ji yau, su kai shi ma'aji. Na ce mata to ai masu jidar dami ne daga gona zuwa rumbu. Ta ce kusan haka. Zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa yana iya lalata su. Tsohon hatsin da ke rumbu yana nan lafiya, sabon girbi kuwa sai ya kwana a gona tsuntsaye su cinye.

Ikon Allah! Abu bai kai ɗan yatsa ba, amma da shi yaro ke riƙe karatu, da shi manomi ke gane hanyar sabuwar gona. Na yi ta shafa bayan kunnena kamar zan taɓo nawa.

Sai ta ƙara wata magana da ta tsayar da ni. Ta ce abin da hannu ya saba yi da abin da zuciya ta ji, kamar tsoro ko baƙin ciki, ba nan kaɗai suke bi ba, suna da tasu hanyar. Mutum zai manta abin da ya faru, amma nauyinsa ya zauna masa.

Nan na tuna akushin Baba. Bayan na daina faɗa miki, in kin gama tuƙa tuwo sai ki ɗauko shi, ki tsaya riƙe da mara, can ki kife shi ki mayar. Da na tambaye ki dalili, kika ce, "Oho, hannuna ne ya ƙi." Kwallin ma da kanki kika bar shi, ba wanda ya karɓe.

Ashe kin sani, Inna. Wani wuri a jikinki da ba ya magana ya ji, ya riƙe, yana ta yin takabarsa. Ina ma zan tambaye ki a wace safiya ce ya ji. Hadiza ta ce ba mai iya faɗa. In a ta biyu ne ko ta uku, to duk sauran kukan da na sa ki, ba shi da dalili.

Na kashe miki miji sau arba'in. Na farko dole ne, wannan ba na neman afuwarsa. Sauran talatin da tara nake roƙo ki yafe mini, ki yafe wa Gwaggo.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinku, ya haɗa ku a inda ba a sanar da kowa mutuwa. Amin.

Taki har kullum,
Binta