Gamba don iyakar ƙasan teku

Zuwa ga amaryata, jikata Bilkisu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya aiki, ya mutanen gida? Mu nan Sandamu lafiya lau.

Tun da na ji an sa ki cikin masu auna iyakar ƙasarmu a ƙarƙashin teku, bakina ya ƙi rufuwa, har zakara na yanka. Abu ɗaya ke damuna. Bara Malam Sale ya ci min iyakar gona don ban dasa gamba ba. Saboda haka na ba direban Legas saiwarta ya kawo miki. In ta ƙi ruwan gishiri, ki kafa dutse gaban shaidu, kada a yi wa Nijeriya abin da aka yi min.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida mijinki da ya ƙwace min ke.

Kakanki,
Haruna