Bas Ya Haɗiye Kalangu

Ƙanena Idi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hadiza da yara. Yaya jikinta, yaya zaman Kwatano? Mu nan Filinge lafiya lau, an gama yankan hatsi.

An yi bikin Rakiya, amma waƙar da ka haɗa mata a kwamfuta ta zubar mana da mutunci, kuma laifina ne. A waya na saurare ta, na ce ka ƙara bas. Ka ce, "Yaya, waya ba ta fitar da bas, ki bar shi haka." Na ce shekara ashirin ina koyarwa, ba kai za ka koya mini ji ba.

Da aka sa ta a manyan lasifikoki, rugugin bas ya haɗiye kalangun ɗungurungum. Tsofaffin da suka zo daga Tabla suka yi cirko-cirko a filin rawa. Uwar ango ta ce, "Wannan waƙa ce ko injin niƙa?" Wata ta nuna ni ta ce ai ƙanen Madam ne bai iya aiki ba. Idi, ina tsaye a wurin, ni da ba na raga wa kowa, na yi shiru.

Kai ma don me ka biye mini? Ina jin haushinka, amma haushin kaina ya fi.

Ka yafe mini, ka turo haɗin farko. Ranar Juma'a mata za su taru gidan amarya. Zan sa musu shi, in gaya musu wadda ta ɓata na biyun. Ka yi mini addu'a Allah ya ba ni ƙarfin faɗa a gaban uwar ango.

Inna na gaishe ku.

Yayarka,
Zainabu