Warin Takalmi

Jakara, Birnin Kano
8 ga Maris, 1999

Zuwa ga Yayata Zinariya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Jos?

Kin tambayi jikin maigidana, Baban Kulu. Da sauƙi, alhamdu lillahi. Tun da aka ɗora shi a kan maganin asibiti, muryoyin nan da yake ji sun yi shiru, ya daina cewa maƙwabta na ƙulla masa sharri. Sai dai zama ya maye gurbinsu. Badukun da duk Jakara ta san takalmansa, yau sai ya ɗauki buta ya tsaya a tsakar gida ya rasa ta inda zai fara. Likita ya ce ba lalaci ba ne, ciwon ne ke cinye niyya, ya kuma hargitsa masa sanin wanne ke gaba wanne ke baya.

Kin san ni, amaren unguwar nan turaren da ba su yi niyyar saya ba ma sayar musu nake. Na ce mijina ba zai gagare ni ba. Na baza masa kayan aikinsa kaf a tabarma yadda nake baza haja, jar fata, baƙa, basilla, wuƙa, na ce ya zaɓi abin da ransa ke so. Ya yi ta kallonsu har la'asar, ya ce kansa ya gaji. Na yi lallashi, na yi zuga, har na ce masa farar hula za su hau mulki, kowane kansila sai ya yi sabon takalmi. Ko gezau.

Ana haka sai ga Mailafiya, abokinsa na ƙuruciya, shi ma baduku. Lokacin da ciwon ke sa Baban Kulu farfasa min kwanuka ban ga ƙeyarsa ba. Yanzu da ƙura ta lafa ya ɗauko aikinsa ya zo ya tare mana a soro.

Ki gai da kowa.
Ƙanwarki, Hajo

Jakara
16 ga Mayu, 1999

Yaya Zinariya,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar taki ta daina ciwo.

Baban Kulu ya fara aiki. Na san za ki yi hamdala, ni ma na yi, amma tawa da ƙaiƙayi. Kullum da hantsi Mailafiya zai yi sallama, mutumin da nake fama da shi ya wanke fuska sai ya miƙe ya fita. Ni kuwa soro ba wurina ba ne, sai dai in raɓe a jikin bango da tsintsiya kamar mai shara. Na kasa kunne in ji sirrin. Babu komai, Yaya. Ba ya tambayarsa me yake so. Fata ɗaya zai miƙa masa ya ce ya yanka nan. In ya yanka, ya ce ya huda nan. Shi ke nan fa. Mutumin da ko sayar da ruwa ba zai iya ba a kasuwar Kurmi.

Ranar Talata na ji dariyar Baban Kulu. Rabona da ita tun kafin a yaye Kulu, kuma da ta dawo, soro ta sauka. Ni mai ba shi magani, mai wanke masa kaya, in ya shigo sai ya zauna ya zuba wa bango ido.

To, na yi abin da na iya. Safiya uku a jere Mailafiya na sallama ina amsawa daga ciki cewa barci yake. A ta huɗu bai zo ba. Na ce yanzu ni zan karɓi aikin. Na miƙa wa Baban Kulu fata ɗaya na ce ya yanka. Ya tambaye ni a ina. Ban san a ina ba. Ya ajiye, ya koma zamansa, har wankan ma ya bari.

Kada ki rubuto min wa'azi, na riga na aika wa Mailafiya dambun nama da ban haƙuri.

Taki, Hajo

Jakara
20 ga Yuni, 1999

Yayata,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso, wa'azin ma ya iso duk da na hana.

Sojoji sun bar mulki sun tafi, Mailafiya ya dawo. Ya kuma cinye dambun.

Makon jiya ina tankaɗe sai ga Baban Kulu ya shigo da kwali da fensir. Ya durƙusa, ya kama ƙafata ta hagu ya ɗora a kai, ya zagaye ta a hankali. Ban yi motsi ba, ko numfashin kirki ban yi ba. Na ce a raina yau dai shi da kansa ya tuna da ni. Yana fita sai na ji Mailafiya yana tambayarsa ko ya zano kamar yadda ya ce masa. Wato har ƙafata sai da izinin wani.

Takalmin ya fito, jar fata, ɗinki lafiyayye kamar na da. Baban Kulu ya kawo min wari guda, na hagun, ya ajiye a gabana yana murmushi. Na dama kuwa shiru. Na gane Mailafiya bai ce a yi shi ba, ko mantuwa ce ko ramuwa, Allah masani. Na gwada faɗa wa Baban Kulu da bakina, ya ce to, ya zauna.

Yau da safe na yafa mayafi na tsaya a bakin soro, na gaishe da Mailafiya da ladabin da ban taɓa yi wa surukata ba. Na ce Malam, don Allah in an samu sarari a tuna masa matarsa ƙafa biyu gare ta.

Ya ce sai bayan sun gama na kansila.

Ki yi min addu'a, Baban Kulu kuma ki yi masa ta sauƙi.
Ƙanwarki, Hajo